Takalmin zango a doguwar tafiyar ƙasa: a ɗauka ko a bari?

Mai Jakar Goyo:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa matafiya. Ina shirin tafiyar ƙasa ta kimanin mako uku a cikin tsaunuka, wadda zan kwana a tanti a mafi yawan dararenta, kuma akwai abu guda a cikin kayana da ya hana ni sakat, wato takalmin da mutum yake sawa bayan ya yada zango ya cire na tafiya. A tafiyata ta baya, wadda ta ɗauki kwana shida, ban tafi da komai ba sai but ɗin fatar da ke ƙafata. Ruwan sama ya same mu a rana ta biyu, but ɗin ya jiƙe har ciki, kuma bai sake bushewa ba har muka fito daga dajin. Kowace yamma idan na zare safa, sai in tarar tafin ƙafata ya yi fari fat, ya yamutse kamar hannun wanda ya wuni yana wanki, amma da zarar na buƙaci ɗebo ruwa ko kewayawa, dole in sake cusa ƙafar cikin wannan danshi mai sanyi. A rana ta biyar fatar dunduniyata ta dama ta saluɓe.

Na ɗora abin da nake da shi a kan sikeli. Silifas na soso mai tsinke tsakanin yatsu ya yi gram 170, Crocs, wato takalmin soso mai rufaffen gaba da ramuka a sama, ya yi gram 360, sandal mai maɗauri da ƙasa mai kauri kuwa ya kusa gram 800. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka: wanne ya cancanci a goya shi mako uku, ko kuwa dukkansu nauyin banza ne?

Dattijon Hanya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka dubi sikeli, ka fara duba ƙafarka, domin ita ce ta riga ta ba ka rabin amsar. Wannan farin da ka gani alama ce ta fatar da ta sha ruwa har ta yi laushi. Ƙafafun mutum biyu suna da ƙofofin zufa kusan 250,000, saboda haka ko ba a yi ruwan sama ba, ƙafar da aka kulle cikin but tun asuba tana iyo ne cikin guminta. Fatar da ta jiƙe haka ba ta iya jure gogayya, shi ya sa bororo yake saurin tashi a kanta, kuma idan ta bushe farat ɗaya bayan kwanaki sai ta tsattsage ta yi faso. Idan aka haɗa danshi da sanyi na tsawon lokaci, abin yana iya wuce bororo ya kai ga ciwon da ya nakasa dubban sojoji a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, musamman a hunturun 1914 zuwa 1915, inda ƙafa take kumbura ta mutu da jin taɓawa. Ba sai sanyi ya kai na ƙanƙara ba kafin hakan ta faru. Maganin da aka dogara da shi a lokacin shi ne a cire takalmi, a busar da ƙafa, a shafa mata mai, a canza safa, kuma har yau babu abin da ya sauya a wannan.

Don haka aikin takalmin zango na farko shi ne ya ba ƙafarka awa uku ko huɗu na shan iska tsakanin saukarka da kwanciyarka, alhali kana ci gaba da kafa tanti da ɗebo ruwa. Duk takalmin da bai yi wannan aiki ba, komai rashin nauyinsa, bai biya buƙata ba. Ka gaya mana irin ƙasar da za ka bi, ko akwai ƙoramun da za a ketare, da kuma yadda sanyin dare yake a can.

Sauƙin Kaya:
Baba Dattijo, na yarda da duk abin da ka faɗa game da fata, amma ban yarda cewa sai da takalmi na biyu ake samun wannan ba. Ni shekara huɗu ke nan ban ɗauki takalmin zango ba, kuma ƙafata lafiya lau. Matsalar ɗan'uwanmu tana cikin but ɗinsa ne. Fata mai kauri da shimfiɗar hana ruwa da ake sawa a ciki suna tare ruwa daga waje na ɗan lokaci, amma idan ruwan ya shiga ta sama, su ne kuma suke hana shi fita. Kambas na gudun daji mai raga-raga yana jiƙewa cikin minti ɗaya, amma yana bushewa a ƙafa kana tafiya. Idan na sauka, sai in sassauta igiyar gaba ɗaya, in zare shimfiɗar cikin in shanya, in zauna a kan tabarmar kwanciyata ƙafa tsirara. In zan tashi, sai in sa busasshiyar safa, in zura leda a kanta, in shiga takalmin a sake. Leda biyu ba su kai gram 10 ba.

Ku tuna da Emma Gatewood, wadda a 1955, tana da shekara 67, ta taka hanyar Appalachian ta Amurka ita kaɗai daga Jojiya har Maine, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, da kambas na yadi a ƙafarta da buhun da ta ɗinka da hannunta a kafaɗa. Yawancin abin da muke ɗauka tsoro ne yake sa mu ɗauka.

Sabon Shiga:
Ni ma ina goyon bayan Yaya Sauƙin Kaya, domin na sha jin cewa kilo ɗaya na takalmi daidai yake da kilo biyar a baya. In haka ne, ashe Crocs mai gram 360 ya zama kamar kusan kilo biyu ke nan.

Ɗan Tsauni:
Ƙanena, maganar da ka ji tana da tushe, amma ka ɗora ta inda ba wurinta ba. Binciken da aka yi a shekarun 1980 ya nuna cewa nauyin da yake ɗaure a ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya ninki biyar ko fiye da haka idan aka kwatanta da irinsa a baya, saboda ƙafa ana ɗaga ta ne ana jefa ta gaba a kowane taku, dubban sau a wuni. Wannan hujja ce ta rage nauyin takalmin da kake tafiya da shi. Takalmin zango kuwa yana cikin jaka ko rataye a bayanta tun safe har yamma, saboda haka gram 360 ɗinsa gram 360 ne, wato ƙasa da nauyin ruwan da ke cikin gorar rabin lita. Ba ina cewa ba shi da nauyi ba ne, domin a mako na uku kowane gram yana da murya, amma a yi lissafin daidai.

Malama Mai Jinya:
Ina so in ja hankalin Malam Sauƙin Kaya a kan dabarar leda, domin ina ganin an ba ta darajar da ta wuce tata. Leda tana kare safa daga jiƙaƙƙen takalmi, wannan gaskiya ne, amma tana kuma kulle zufa a ciki. Ta minti goma, a je a dawo, babu laifi. Idan mutum ya shafe yammacinsa a cikinta yana hidimar zango, ya mayar da ƙafarsa cikin irin halin da yake gudu. Kuma wanda fatarsa ta riga ta saluɓe, kamar mai tambayarmu, yana buƙatar raunin ya sha iska, ba tare da bayan takalmi yana gogarsa ba.

Abu na biyu shi ne yawo ƙafa ba takalmi, wanda wasu suke yi a zango don gudun ɗaukar kaya. Ba na ba kowa wannan shawara. Ƙaramin yanka a tafin ƙafa, wanda a gida ba za a ko kula da shi ba, a daji yana iya kawo ƙarshen tafiya, domin gobe za a taka shi kilomita ashirin cikin gumi da datti. A wuraren da mutane suka saba sauka akwai fasassun kwalabe, da ƙusoshin tanti da aka manta, da garwashin da toka ta rufe. A ƙasashe masu zafi da danshi akwai tsutsar ciki da take shiga jiki ta fatar ƙafa daga ƙasar da aka yi bahaya a kanta. Mai ciwon sukari kuwa, wanda jin ƙafarsa ya ragu, ko taku ɗaya kada ya yi ba takalmi.

Sannan idan hanyar tana bi ta masaukai masu ɗakin wanka na kowa da kowa, silifas ya zama dole. A hanyar Camino da take tashi daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa zuwa Santiago de Compostela a Sifaniya, kimanin kilomita 780, ana barin takalman tafiya a bakin ƙofar masauki, kuma mutane da yawa ne suke wanka a kan daɓe ɗaya kowace yamma. Irin wannan daɓe mai ɗumi da danshi shi ne matattarar ƙwayar da take kawo cin ruwa a tsakanin yatsu.

Sauƙin Kaya:
Malama, na karɓi gyara a kan raunin da ya riga ya buɗe, da kuma maganar ɗakin wanka. Ni a daji kawai nake kwana, shi ya sa ban kawo wannan a raina ba. Amma har yanzu ina ganin mai lafiyayyar ƙafa da takalmi mai saurin bushewa zai iya yi ba tare da na biyu ba.

Mai Jakar Goyo:
Na gode ƙwarai da gaske. Amsar tambayar Baba Dattijo ita ce, hanyar duwatsu ce da tsakuwa, akwai ƙoramu da yawa da ba su da gada, wasu ruwansu yana kai gwiwa, kuma da dare sanyi yana sauka kusa da daskarewa a wurare masu tudu. Game da canza but kuwa, na taɓa yin mummunan targaɗe a idon sawuna na hagu, kuma da wannan but ɗin ne kaɗai nake samun natsuwa idan ina ɗauke da kaya a gangara. Ba na jin zan sauya shi saura 'yan makonni in tashi.

Mai Ketare Rafi:
To, Malam, tunda ka ambaci ƙoramu, ka cire silifas mai tsinke daga lissafinka idan har kana tunanin shiga ruwa da shi. Ina faɗa maka abin da ya same ni. Wata safiya na iso wata ƙorama da ruwanta bai wuce ƙwauri ba, na rataye but ɗina a wuya, na shiga da silifas. A taku na huɗu ruwan ya shiga tsakanin dunduniyata da soson, ya lanƙwasa shi, ya fizge na ƙafar hagu. Ina kallo yana juyawa a kan ruwa har ya ɓace a bayan wani dutse. Abin da ya fi rashin silifas ɗin muni shi ne na miƙa hannu da sauri don in cafke shi, jakar ta rinjaye ni, na durƙusa a kan gwiwa cikin ruwa mai sanyin da yake shiga ƙashi. Na ƙarasa ketarewa da ƙafa ɗaya tsirara a kan duwatsu masu santsi, babban yatsana ya bugi wani, farcen ya yi baƙi ya fita bayan makonni.

Ruwa mai gudu ba abin wasa ba ne. A hanyar Pacific Crest, wadda ta tashi daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, kimanin kilomita 4,265, matafiya biyu sun rasa rayukansu a 2017 wajen ketare ƙoramun tsaunukan Sierra Nevada, shekarar da dusar ƙanƙara ta yi yawa ta narke ta cika su. A New Zealand, inda hanyar Te Araroa mai tsawon kusan kilomita 3,000 take ratsa koguna masu yawa, abin da masu koyar da tafiyar daji suke nanatawa shi ne a ketare da takalmin tafiya a ƙafa, a yarda ya jiƙe, domin shi ne yake riƙe ƙafa ya kare yatsu. Don haka ga yadda nake rarrabewa. Idan ruwan yana tafiya a hankali, ƙasansa yashi ne ko ƙananan tsakuwa, kuma bai wuce gwiwa ba, takalmin zango mai maɗaurin dunduniya ya isa, but ɗinka kuma ya tsira a bushe. Idan ruwan yana kumfa yana ƙara, ko kana jin duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashinsa, ka zare safa da shimfiɗar ciki ka adana, ka ɗaure but ɗinka tamau ka shiga da shi, ka fuskanci inda ruwan yake fitowa, ka dogara sanda, ka riƙa matsawa gefe-gefe. In ya fi ƙarfinka, ka jira. Ƙoramar da narkewar ƙanƙara take cikawa takan ragu da sassafe.

Abin lura shi ne, a ranar da ka shiga ruwa da but, a ranar ce za ka fi buƙatar wani abu busasshe da za ka sa da yamma.

Uwar Zango:
Maganar maɗauri ta tuna mini asalin sandal ɗin Teva, wanda aka ce a 1984 wani mai jagorar masu yawon kwale-kwale a kogin Colorado da ke ratsa kwazazzabon Grand Canyon na Amurka ne ya ɗaura wa silifas maɗaurin agogo don kada ruwa ya tafi da shi. Ashe matsalar Malam Mai Ketare Rafi tsohuwa ce.

Ni dai Crocs nake ɗauka, kuma zan faɗi dalilina da aibinsa. Tun fitowarsa a 2002 an yi shi ne don masu aikin jirgin ruwa, saboda haka soson ba ya shan ruwa, kuma da ka girgiza shi ka goge ya bushe. Gabansa a rufe yake, wanda duk mai fita daga tanti da tsakar dare a cikin duwatsu da jijiyoyin bishiya ya san amfaninsa, domin tuntuɓe a duhu shi ne ya fi raunata yatsu a zango. Yana da faɗi, yana karɓar ƙafar da ta kumbura, kuma ana sa shi da safa mai kauri. Wannan na ƙarshe shi ne babban abin da ya raba ni da silifas mai tsinke: a daren sanyi ba za ka iya sa shi da safa ba sai ka tura yadin tsakanin yatsu, ya yi ta cizonka, safar kuma ta lalace. Wanda ya fi son silifas, gara ya nemi mai faffaɗan maɗauri a saman ƙafa.

Aibinsa kuwa, ba ya lanƙwasuwa, yana cin wuri, sai dai a rataye shi a bayan jaka, inda reshe yake iya fizge shi ba ka sani ba. Ni igiya nake zurawa ta cikin maɗauran biyu in ɗaure, ba na dogara da ƙugiya ɗaya. Ramukan samansa suna shigar da tsakuwa da ƙirare, kuma doguwar ƙaya tana iya huda soso mai laushi ta kai ga tafin ƙafa. Sannan idan ƙafa ta jiƙe tana zamewa a cikinsa, don haka a ruwa mai ƙarfi ba na amincewa da shi ko da maɗaurin yana bayan dunduniya.

Ɗan Tsauni:
Ƙari a kan maganar Hajiya, duk takalmin soso a nisanta shi da wuta. Irin wannan roba tana ƙanƙancewa ta murɗe idan zafi ya yi mata yawa. Na taɓa ajiye nawa kusa da murhu don ya ɗumama, kafin in ankara gefen ɗaya ya nannaɗe, ƙafata ba ta ƙara shiga ba. Haka ma but ɗin fata, kada a gasa shi a wuta don ya bushe, domin fatar tana ƙeƙashewa, gam ɗin da ya riƙe ƙasan kuma yana saki.

Dattijon Hanya:
Maganar sakin gam ta kawo mu ga abin da babu wanda ya taɓo, kuma a wurina ya fi duk sauran nauyi idan tafiya ta kai mako uku nesa da titi. Takalmin zango shi ne kaɗai madadinka idan na tafiya ya mutu. Ɗana, shekarar but ɗinka nawa? Ina tambaya ne saboda yawancin but masu nauyi suna da wani soso mai tauri tsakanin fata da ƙasan roba, wanda danshin iska yake ci a hankali tsawon shekaru, kuma ya fi lalacewa a takalmin da aka ajiye ba a sawa. Daga waje sai ka gan shi kamar sabo. Na ga wannan da idona a kan wani abokin tafiyata: muna hawan wani tudu sai ƙasan but ɗinsa na dama ya buɗe daga gaba kamar baki, soson cikin yana zubowa kamar garin gawayi. Muka naɗe shi da salatif da igiya, bai kai awa biyu ba ya rabu gaba ɗaya, kafin yamma na hagun ma ya bi sahu. Tsakaninmu da titi akwai tafiyar wuni biyu. Abin da ya fitar da shi daga wurin shi ne sandal mai maɗauri da yake ɗauke da shi, wanda muka yi ta ce masa ya yi nauyi. Ya sa shi da safa biyu, muka rage masa kaya, ya taka a hankali har muka fita.

Tun daga ranar, tambayar da nake yi wa duk takalmin zango ita ce: zan iya yin kilomita goma sha biyar da kai, da jaka a bayana, a kan duwatsu? Silifas mai tsinke ba zai iya ba. Crocs zai iya da ƙyar, idan hanyar ba ta da gangara mai tsanani. Sandal mai maɗauri zai iya. Amma ba sai mai gram 800 ba. Akwai sandal masu siririyar ƙasa da maɗauri uku, ɗaya a kan yatsu, ɗaya a wuyan ƙafa, ɗaya a dunduniya, waɗanda nauyinsu bai kai rabin wannan ba, kuma suna kwanciya shafal a gefen jaka. Illarsu ita ce yatsu a waje suke, kuma ƙafar da ta gaji tana jin kowace tsakuwa ta cikinsu.

Sauƙin Kaya:
Baba, wannan hujja ce mai ƙarfi, sai dai maganinta na farko shi ne a duba but kafin a tashi, a danna soson da farce a ga ko yana marmashewa, a lanƙwasa shi a duba ko gefen ya fara buɗewa. Ga wanda kuma yake son abin sawa a zango kawai, ba na ketare ruwa ko na ceto ba, yana iya yin nasa da hannu. A yanki tsohuwar tabarmar soso daidai tafin ƙafa, a huda ta wuri uku ko huɗu, a zura siririyar igiya mai talewa. Nawa da na yi don gwaji bai kai gram 50 ba. Ba ya hana ƙaya, ba ya daɗewa, amma ya isa ya raba ƙafa da raɓa da tsakuwa tsakanin tanti da bakin rafi.

Sabon Shiga:
Ina da tambaya a kan sanyi. Na ga ana sayar da wasu takalma kamar safa masu cike da gashin agwagwa. Tunda Yaya Mai Jakar Goyo ya ce darensa yana kusa da daskarewa, ba su ne suka fi dacewa da shi ba?

Uwar Zango:
Ɗana, waɗannan na cikin tanti ne da cikin jakar barci. Suna da ɗumi sosai kuma ba su da nauyi, amma gashin agwagwa idan ya jiƙe yana dunƙulewa ya daina riƙe zafi, kuma ciyawa mai raɓa kaɗai ta isa ta jiƙa shi. Yadin ma siriri ne, dutse yana yaga shi. Sun dace da mai kwana a kan dusar ƙanƙara busasshiya, musamman masu rigar waje da ake zurawa a kansu. Ga sanyin da bai wuce na daskarewar raɓa ba, busasshiyar safar ulu mai kauri, wadda aka keɓe don dare kawai ba a tafiya da ita, ta wadatar, muddin takalmin zangon yana karɓarta.

Ɗan Tsauni:
Wanda zai bi hanyar da ake kwana a bukkokin tsauni kuwa ya bincika kafin ya ɗauki komai. A tsaunukan Alps, misali a zagayen Mont Blanc mai kimanin kilomita 170 da ya ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, ba a shiga ɗakunan kwana da but, kuma bukkoki da yawa suna ajiye takalman cikin gida a bakin ƙofa don baƙi. Wannan bai shafi mai tambayarmu ba tunda a tanti zai kwana.

Malama Mai Jinya:
Duk wanda ka zaɓa, Malam, ka kula da girmansa. Ƙafa tana kumbura da yamma bayan doguwar tafiya, kuma a tafiyar makonni takan baje har mutum ya buƙaci ƙarin rabin lamba ko lamba guda. Ka gwada shi da yamma, bayan ka yi yawo, da safar da za ka kwana da ita. Ka duba musamman inda maɗaurin baya yake sauka, domin idan ya faɗa daidai wurin da but yake gogar dunduniyarka, wato inda fatar ta saluɓe a baya, to zai ci gaba da cin wurin da kake son ya huta. Maɗaurin da ake iya sassautawa ko a ɗage shi gaba idan ana zaune ya fi wanda yake a kafe.

Mai Jakar Goyo:
Na bi shawarwarinku na yi gwaji na kwana biyu a ƙarshen mako. But ɗin shekararsa uku, na danna soson na lanƙwasa shi kamar yadda Malam Sauƙin Kaya ya ce, ban ga alamar marmashewa ba. Na ari siririn sandal mai maɗauri uku daga wani abokina, ya yi gram 310 a sikelina, na tafi da shi tare da Crocs ɗina. Na ketare wata ƙorama mai kai ƙwauri da kowannensu. A cikin sandal ƙafata ba ta motsa ba, a cikin Crocs kuwa ta riƙa zamewa gefe duk lokacin da na taka dutse mai karkata. Na kuma yi kimanin kilomita uku da jaka a baya da kowanne, nan ma sandal ya fi riƙe ni a gangara. Amma da dare Crocs ya fi daɗi nesa ba kusa ba, domin na zura ƙafa kawai na fita, shi kuwa sandal sai da na zauna na kunna fitilar goshi ina neman bakin maɗauri da yatsu masu sanyi, kuma na yi tuntuɓe da ƙusar tanti har safar ta huje a kan babban yatsa. Duk da haka, saboda yawan ƙoramun hanyata da kuma labarin abokin Baba Dattijo, sandal ɗin zan saya, lamba guda sama da tawa.

Dattijon Hanya:
Allah ya kai ka lafiya, ɗana. Matsalar dare tana da sauƙin gyara. Kafin ka kwanta, ka sassauta maɗauran gaba biyu daidai faɗin ƙafarka da safa, ka bar na dunduniya a kwance a ƙasa, sai ka taka shi kamar silifas idan za ka fita. Ka ajiye su a bakin ƙofar tanti ta ciki, a kife, kuma ka kakkaɓe su tare da but ɗin kowace safiya kafin ka sa ƙafa, saboda kunama da sauran ƙwari suna son irin wannan maɓoya. Ƙusoshin tantin kuma ka buga su har ƙasa, ka ɗora ɗan farin dutse a kan wanda yake kan hanyar fitarka.